Kafin A Ce "Sai An Yi Fomat": Sharhi Kan Kwamfutar Da Ke Mutuwa Tana Tashi Da Kanta

Duk wanda ya ratsa titin Beirut a Kano, ko ya shiga layukan masu kayan lantarki na Sabon Gari daga France Road zuwa wajen Bata, ba zai rasa ganin mutane rungume da laftof suna neman injiniya ba. Kukansu bai cika bambanta ba. Wannan ya ce tana cikin aiki sai ta ɗauke ɗif, ta sake tashi da kanta. Wancan ya ce fuskarta ce ke rikiɗa ta koma shuɗiya da rubuce-rubucen Turanci, kafin ya karanta ta mutu. Wani kuma ya ce sandarewa take yi, mawus ba ya motsi, sai ya danne makunni ya kashe ta da ƙarfin tsiya. Amsar da sau da yawa suke samu guda ce: "Alhaji, bairos ne, sai an yi mata fomat." A goge komai, a zuba sabon Windows, a biya, a tafi. Bayan 'yan makonni a sake ɗauko ta da ciwon jiya.

Abin ya yi kama da halin mai kyamis ɗin da ke miƙa maganin maleriya ga duk wanda ya zo da zazzaɓi ba tare da gwajin jini ba. Wani lokaci ya dace, wani lokaci kuma taifot ce ke cin mutum. A gari mai zafi da ƙura da wutar da ba ta da tabbas, inda akasarin kwamfutocin da ke hannun jama'a na hannu ne, dalilan da ke sa na'ura ta riƙa mutuwa suna da yawa, kuma galibinsu fomat ba ya kai wa gare su ko kusa. Kwamfuta kuwa ba bebiya ba ce. Kusan kullum takan faɗi abin da ke damunta, sai dai a ƙi saurara.

Me ya sa take kashe kanta?

A cikin Windows akwai wani sashe da ke can ƙasa, wanda ke riƙe da ragamar komai: shi ke raba wa manhajoji wuri a RAM, shi ke magana da had-disk da fanka da kibod. Idan manhaja irin Word ko Chrome ta rikice, ita kaɗai ke rufewa. Amma idan kuskuren ya faru a wannan sashe na ƙasa, Windows takan zaɓi ta tsayar da komai nan take, don kada ta ci gaba da rubuta shirme a kan takardun mutum. Shuɗiyar fuskar nan ke nan. Ba ita ce cutar ba, sanarwa ce. A jikinta akwai wasu kalmomi da manyan baƙaƙe, irin su MEMORY_MANAGEMENT ko CRITICAL_PROCESS_DIED, waɗanda su ne sunan kuskuren. A 2025 kamfanin Microsoft ya mayar da launin wannan fuska baƙi a sabon Windows 11, amma sunan kuskuren yana nan a ƙasan allo.

Kamfanin ya ce a nazarin da ya yi na irin wannan kuskure, kimanin kashi 70 cikin ɗari daga direbobi yake fitowa, wato ƙananan manhajojin da wasu kamfanoni ke rubutawa don haɗa Windows da firinta ko katin hoto ko na sauti. Kashi 10 daga lalacewar kayan ƙarfe ne, kashi 5 daga manhajar Microsoft kanta, sauran 15 kuma ba a gano ba. Wanda ya ji wannan zai iya cewa ashe masu fomat suna da gaskiya. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Wannan lissafi na kwamfutocin da suka samu zarafin nuna shuɗiyar fuska ne har suka rubuta rahoto. Wadda wuta ta yanke mata, ko zafi ya kashe, ba ta samun damar cewa uffan, don haka ba ta cikin lissafin. A Fagge da Sabon Gari kuwa, irin wannan mutuwar fuju'a ba baƙuwa ba ce.

Saboda haka tambayar farko ita ce: yaya take mutuwa? Idan ɗif take yi ba sallama, a fara zargin wuta ko zafi. Idan shuɗiyar fuska take nunawa, a ɗauki waya a yi wa allon hoto, a duba RAM da had-disk da direbobi. Idan sandarewa take yi, had-disk ne kan gaba a cikin waɗanda ake tuhuma.

Wuta

An ƙera kayan lantarkin da muke amfani da su don wuta mai ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka. Tun watan Nuwamban 2013 kamfanin KEDCO ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, ko da yake har yau idan aka kawo ta yara NEPA suke kira. A Afrilun 2024 aka ɗora wa masu amfani da ita da ke rukunin A naira 225 kan kowane yunit bisa alkawarin awa 20 a rana. A Oktoban 2024 kuma, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, Kano da jihohi da dama na Arewa suka shafe sama da mako guda a duhu. Ma'anar wannan ga mai shago ita ce kwamfutarsa tana shan wuta iri uku a yini ɗaya: ta gwamnati, ta janareto, da ta sola. Kowane juyi daga wannan zuwa waccan, girgiza ce ga na'ura.

Ga misalin da masu shagunan buga takardu suka sani sarai. Kwamfutar tebur da injin fotokwafi suna kan ƙaramin janareto ɗaya. Yaron shago yana cikin buga wa wata ɗaliba takarda, sai wani ya danna fotokwafi. Ƙwan fitila ya dushe na ƙiftawar ido, ƙarar janareto ta sauya, kwamfuta ta mutu ta tashi. Dalili shi ne injin fotokwafi da firinta mai aiki da garin tawada suna da wani sashe da ke ɗaukar zafi don manna tawada a takarda, kuma a lokacin da yake ɗumama yakan fizgi wuta mai yawa. Ƙarfin wutar ya faɗi, fawa-fak ɗin kwamfuta ya kasa riƙewa. Ko sau goma aka yi wa wannan kwamfuta fomat, ranar da aka sake danna fotokwafi za ta sake faɗuwa.

Mutane da yawa suna ɗauka sitabilaiza da UPS abu ɗaya ne. Sitabilaiza tana daidaita wutar da ta yi sama ko ƙasa, amma ba ta ajiye komai. Aka ɗauke wuta, ita ma ta tafi. UPS ne ke da batir a ciki, wanda ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci. Shi ma batirinsa ba ya daɗewa, zafi kuma yana rage masa kwana. Akwai shaguna da yawa da UPS ɗinsu ya daɗe da zama ado a ƙarƙashin tebur. Gwajinsa ba wuya: a adana aiki, a zare filoginsa daga bango, a ga ko kwamfuta za ta tsaya. Kada kuma a haɗa masa firinta ko fotokwafi. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 jama'a suka karkata ga sola, sai dai ƙananan inbata masu araha ba sa ba da wuta mai laushi irin ta layi, kuma akwai fawa-fak ɗin da ba ya jituwa da irin tasu.

Mai laftof ya fi samun sauƙi, muddin batirinsa na da rai. Idan batir ya mutu ana aiki da caja kaɗai, ko motsin waya ya isa ya kashe ta. Ita kanta cajar abar dubawa ce. A ƙasan laftof da bayan caja an rubuta ƙarfin wutar da ake buƙata, alal misali bolt 19.5 da wat 65 a yawancin ƙirar HP da Dell. Cajar jabu takan ɗauki wannan rubutu a jikinta, amma idan ka ɗaga ta za ka ji ba nauyi, ta kuma yi zafi har ba ta taɓuwa. Da zarar an ɗora wa na'ura aiki mai nauyi sai ta gaza. Araha ba ta ado.

Zafi da ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika gari da ƙura. Maris na kamawa zafi ya shigo, a Afrilu da Mayu ma'auni ya riƙa kai wa digiri 40 ko ya wuce. Wannan jeri shi ne mafi muni ga kwamfuta: watanni huɗu tana shaƙar ƙura, sannan a buƙaci ta numfasa a cikin bazara. Shagunan da ke bakin manyan tituna, inda A Daidaita Sahu da motocin kaya ke tayar da ƙasa yini zubur, su suka fi shan wahala.

Idan injiniya ya kwance bayan laftof ɗin da ta shekara biyu ba a buɗe ba, ya ɗaga fanka, abin da zai tarar tsakaninta da 'yan siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita shi ne wani dunƙulen ƙura da zare da gashi, mai launin toka, wanda ya danƙare har ana ɗago shi gaba ɗaya da tsinke. Fanka tana juyawa, ƙararta ma ta ƙaru, amma iska ba ta fita. A kan furosesa kuma akwai wani man shafawa mai ruwan toka da ke miƙa zafi zuwa bututun jan ƙarfe. Idan ya tsufa yakan bushe ya farfashe. Furosesa na zamani idan zafinsa ya doshi digiri 100 yakan rage gudu, idan abin ya ci tura ya kashe na'urar don kada ya ƙone.

Alamomin ba sa ɓuya. Da safe lafiya lau, bayan azahar ta fara. Ko kuma ta yi minti ashirin zuwa talatin kafin ta mutu, idan aka kunna nan take ta sake mutuwa da wuri, idan aka bar ta ta huce ta ɗan daɗe. Masu tace bidiyon biki da masu zanen kalanda da fosta su suka fi gamuwa da wannan, domin aikinsu na sa furosesa gumi. Ƙananan manhajoji irin HWMonitor suna nuna zafin a fili. Maganin shi ne a buɗe, a share, a sauya man. Hura buluwa daga waje ba tare da buɗewa ba yakan ƙara cusa ƙurar ciki, idan kuma za a hura, a riƙe fankar kada ta yi ta juyawa da gudun da ya fi ƙarfinta. Ɗora laftof a kan katifa ko filo ko kafet toshe mata hanci ne, don ta ƙasa take jan iska.

Kayan hannu

Kwamfutocin da ake kira tokumbo ko 'yan Landan yawanci ta Legas suke shigowa, su bi ta Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba kafin su iso Kano. Ba kayan banza ba ne. Tsohuwar ThinkPad ko EliteBook ko Latitude da aka ƙera don ofis takan fi sabuwa mai araha ƙarko. Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya gano cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa Najeriya a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba ya aiki. Daga irin waɗannan matattu ake ciro RAM da had-disk da allo a haɗa wata rayayya.

RAM tana da saurin nuna hali. Idan sunan kuskuren yana sauyawa, yau wannan gobe wancan, ita ake fara tuhuma. Wani lokaci ba lalacewa ta yi ba, ƙura ce ko girgizar hanya ta sa ba ta zauna daidai ba. Injiniyoyi kan zare ta, su goge bakinta mai ruwan zinare da magogin fensir, su mayar. Idan guda biyu ne, a gwada kowace ita kaɗai. A cikin Windows akwai abin gwajinta mai suna Windows Memory Diagnostic, akwai kuma MemTest86 da ake bari ya kwana yana aiki. Ko kuskure ɗaya ya nuna, akwai magana.

Had-disk irin na da yana da faifai mai juyawa da allura a ciki, don haka faɗuwa da yankewar wuta suna yi masa illa. Idan ya fara ƙas-ƙas, ko buɗe fayil ya zama aiki, ko aka ga INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, abin da ya kamata a fara yi shi ne kwashe takardu, ba gyara ba. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna lafiyarsa da adadin awannin da ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi. Shekara guda awa 8,760 ce. Had-disk ɗin da ya nuna awa 30,000 ya yi fiye da shekara uku yana juyawa ba dare ba rana, komai ƙyallin jikin laftof ɗin. Yi wa irin wannan fomat ma ƙara masa wahala ne, domin zuba sabon Windows aiki ne mai nauyi a kansa. Sauya shi da SSD na gaske, wanda ba shi da abin da ke juyawa, yakan kawo ƙarshen matsalar ya kuma ƙara wa na'ura sauri.

Manhaja

Duk wannan ba ya nufin manhaja ba ta da laifi. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani sabuntawa mai kuskure. Kimanin kwamfutoci miliyan 8.5 suka koma shuɗiyar fuska, suna mutuwa suna tashi ba ƙaƙƙautawa. Bankuna da asibitoci da filayen jirgi suka tsaya, kamfanin jiragen sama na Delta shi kaɗai ya soke tashin jirage kusan 7,000 cikin kwana biyar. Abin lura shi ne yadda aka warware: an gano fayil ɗaya tak da ya jawo fitinar, aka shiga ta Safe Mode aka goge shi. Gyaran bai buƙaci share takardu ba.

A nan gida, hanyoyin da manhaja ke lalacewa sanannu ne. Windows ɗin da aka fasa aka zuba da manhajar kunnawa ta sata. Tarin direbobi da ake zubawa daga filash guda ga kowace irin kwamfuta. Riga-kafin bairos biyu ko uku a na'ura ɗaya suna kokawa da juna, alhali wanda ke zuwa da Windows ya wadatar da yawancin mutane. Sabuntawar da wuta ta yanke a tsakiya. Sai kuma sabuwar matsala: tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, Windows 11 kuma tana neman furosesan Intel na zuriya ta takwas zuwa sama da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Ana iya zagaye wannan sharaɗi a cusa ta kan tsohuwar na'ura, ana ma yi, amma babu tabbacin direbobinta za su zauna lafiya.

Yadda ake bin sawu

Bincike yana da tsari, kuma mai kwamfuta zai iya yin rabinsa kafin ya fita daga gida. Na farko, a kwashe takardu masu muhimmanci zuwa filash ko Google Drive. Na biyu, a tambayi kai: me ya sauya kafin abin ya fara? Sabuwar firinta, sabuwar caja, ƙarin RAM, faɗuwa, ko komawa sabon shago? Na uku, a rubuta kalmar reliability a wurin bincike na Windows; zai buɗe jadawalin da ke nuna ranar da lokacin kowace faɗuwa da abin da aka zuba kafin ta. Na huɗu, a cire duk abin da aka jona, a kai na'urar wani wuri mai wata wutar. Na biyar, a danne Shift a danna Restart a shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da direbobi kaɗan. Idan ta zauna lafiya a can, da alama laifin na direba ne ko wata manhaja.

Akwai kuma gwajin da ya fi kowanne raba gardama. A kunna kwamfuta a shiga BIOS, wato shafin saitin da ke zuwa kafin Windows, a bar ta a nan. Idan ta mutu a wannan wuri, babu ruwan Windows, domin ba ta ma tashi ba tukuna, kuma babu fomat ɗin da zai yi amfani. Idan an bi duk waɗannan ba a ga komai ba, an kuma gwada gyaran fayilolin Windows da umarnin sfc /scannow bai yi ba, to a nan fomat ya halatta.

Laifin wa?

Ba adalci ba ne a ɗora wa injiniyoyi komai. A layukan Beirut da Sabon Gari akwai matasa, Hausawa da Ibo da Yarabawa, da ke bin layin wuta a kan bod da mita har su gano ƙaramin abin da ya ƙone su sauya shi, aikin da a Turai sau da yawa sai dai a jefar da na'urar. Matsalar tana ga yadda ake biya. Mai kaya ba ya son biyan kuɗin dubawa. Idan injiniya ya yini yana gwaji ya ce, "Yallaɓai, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, cajarka ce," sai a ce masa ai bai yi komai ba, a ba shi na ruwa. Idan kuwa ya yi fomat cikin awa ɗaya, ga sabon allo yana ƙyalli, an ga aiki, a biya ba musu. Yaron da ke koyon sana'a yana kallo, ya gane wanne ke kawo kuɗi. Mai kaya ma da gaggawarsa yake zuwa: ɗalibin Jami'ar Bayero da zai miƙa kundin bincikensa gobe, ko ɗan kasuwar Kantin Kwari da lissafin bashinsa ke ciki, duk "yau-yau nake so" suke cewa.

Asarar da ke biyo baya ta fi kuɗin gyara. Takardun da aka goge ba tare da kwafi ba sau da yawa sun tafi ke nan. Kwafin ma bai kamata ya kwana a shago ɗaya da kwamfutar ba; gobarar da ta ci dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a Maris na 2016 ta isa darasi.

Gyaran wannan al'ada bai fi ƙarfin kasuwa ba. Ƙungiyoyin masu sayarwa da gyaran kwamfuta za su iya ware kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, yadda wanda ya gano cewa caja ce zai ci guminsa. Za su iya sa a riƙa rubuta wa mai kaya a rasit sunan kuskuren da aka gani da abin da aka sauya, a kuma miƙa masa tsohon kayansa a hannu. Mai saye kuma, kafin ya ƙirga kuɗi, ya nemi a nuna masa awannin had-disk da lafiyar batir, a bar na'urar ta yi rabin awa tana aiki mai nauyi a gabansa. Yanzu da ofisoshin Turai da Amurka ke sallamar kwamfutocin da ba za su ɗauki Windows 11 ba, da alama kasuwa za ta ƙara cika da tsofaffin na'urori masu sauƙin kuɗi, masu kyau da marasa kyau a gauraye. Injiniyan da ya iya bambance su, kuma ake biyansa don ya faɗi gaskiya, shi ne zai riƙe abokan ciniki.